Kwarkwatar Teku a Tagar Inna

Ranar da maigidana ya shigo mana da kwalbar nan faɗa na yi, ba zan ɓoye ba. Mutum ya yi mako guda a bakin teku, kina zaune a Misfala kin gama tsara miyar kifi a ranki, sai ga shi ya shigo rungume da ƙatuwar kwalbar gilas irin wadda ake sayar da zaitun a baƙala, kantin unguwa, cike da ruwa da 'yar ciyawa a gindi, yana takawa a hankali kamar ya ɗauko jariri. Na ce, "Malam, ina kifin?" Ya ce kifi yana leda, in dai zo in ga wani abu tukuna. Na leƙa, ban ga komai ba sai ruwa. Na ce to sannu da ƙoƙari, da ma ruwa ne muka rasa a garin Makka.

Mu huɗu ne a gidan, ɗaki biyu a hawa na uku: ni, da shi, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, da 'yarmu wadda ba ta kai shekara goma ba a lokacin. Duk cikinmu ba mai iƙama, takardar izinin zama. Ni umara na zo na maƙale. Shi kuwa a nan Misfala aka haife shi, iyayensa sun zo hajji tun da ƙuruciyarsu suka zauna, uban ya rasu bai samar wa kowa takarda ba. Bai taɓa ganin Kano ba sai a waya, amma a takarda ɗan can ne, in ma akwai takardar.

Aikinsa a jirgin wani masunci yake, can kudu da Jidda. Yakan tafi farkon mako ya dawo ranar Alhamis, ta hanyoyin da direbobi suka sani. A shekarar nan wasu malaman jami'a suka riƙa ɗaukar hayar jirgin, ba don kifi ba, don wasu ƙananan halittu da ke yawo a cikin ruwa wurin da ciyawar teku take. Shi ne mai jan komar. Ya ce koma ce mai kama da hular gwangwani doguwa, idanunta sun fi na rariyar tankaɗe ƙanƙanta, a ƙarshenta akwai ɗan kofi. A ja ta a saman ciyawa, a juye a kwalba. A sake ja a inda babu komai sai rairayi, a juye a wata. Su malaman su tafi da su su ƙirga iri-iri a ƙarƙashin madubi. Wata daktora a cikinsu ta ga yana yawan tambaya, sai ta ba shi gilashin ƙara girma da wani tsohon ɗan famfon iska, ta koya masa yadda zai raya su a gida.

Gilashin nan ya miƙo min. Na ɗora a ido ina tsaki, sai tsakin ya maƙale. Wallahi ruwan da na ce babu komai ashe gari ne guda. Wasu kamar ƙwayar shinkafa da gashin baki biyu, suna tsalle tsit, tsit. Wasu da 'yan jakunkunan ƙwai a ƙugu. Akwai siriri kamar allura, ana ganin cikinsa tar. Akwai mai ƙaya a baya da manyan idanu, wanda Malam ya ce wai jaririn ƙaguwa ne, na ce ƙarya yake, wace ƙaguwa ce haka. Ya rantse. Ya nuna min 'ya'yan jatan lande, ya ce da yawa daga cikin abin da muke ci a teku a haka suke farawa, sauran kuma su ne abincin ƙananan kifi. Inda ciyawa ta yi kauri, in ji shi, kofin har duhu yake yi don yawa, iri ba ya ƙirguwa. A kan rairayi tsirara kuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Akwai wani wuri da aka zuba ƙasa ana gini, ciyawar ta mutu, ya ce in suka ja koma a can daktora ba ta magana har su dawo.

'Yata ta haukace a kansu. Da Larabci take musu magana, don Hausarta ta aike ce kawai, ɗauko wancan, ajiye wannan. Inna kuwa ko kallo ba ta yi ba. Ta ce, "Kwarkwatar teku aka kawo mana ke nan? Ta kai ba ta ishe mu ba?" Amma tagar ɗakinta ce kaɗai haske yake shiga ba tare da rana ta buga ba, dole a can aka ajiye kwalbar. Ta yi mita har ta gaji. Famfon yana hana ta barci, in ji ta, ɗakin yana ƙarni.

Haka muka zauna watanni. Duk Alhamis Malam ya zo da jarkar ruwan teku, ya zuƙe kaɗan daga kwalbar ta cikin ƙyalle don kada 'yan ruwan su bi, ya mayar da sabo. Wasu iri sun mutu tun farko, masu gashin bakin nan kuwa suka yi ta haihuwa. Ya gargaɗe mu, ya maimaita: kada a zuba ruwan famfo, kada a jiƙa gishirin miya a ce an yi teku. Ya ce wa yarinya, "Ki kula min da su in ba na nan." Ita kuma ta ɗauki maganar kamar an ba ta sarauta.

Wata Alhamis bai dawo ba. Da la'asar direban da ya ɗauko su ya aiko min saƙo: an tare su a shingen bincike a hanya, an sauke duk wanda ba shi da takarda, an wuce da su tarhil, inda ake tsare mutane kafin a mayar da su ƙasarsu. Ina tsaye a kicin da ludayi a hannu. Na zauna a ƙasa, na rasa ma kukan. Kowa a unguwarmu ya san wannan rana, kowa yana kwana da ita a zuciya, amma in ta zo sai ka ji kamar ba a taɓa gaya maka ba.

Na shiga na faɗa wa Inna. Ta ja carbinta ta ce, "Allah ya kyauta." Shi ke nan. Raina ya ɓaci, na fita ina cewa a zuci wannan wace irin tsohuwa ce. Na san dalili, amma sani daban, haƙuri daban. Malam ɗan farinta ne. Tun da na shigo gidan ban taɓa jin ta kama sunansa ba, "wancan" take cewa, ko "mutumin naki". Ba ta zama su yi hira, ba ta tambayar ko ya ci abinci. In ya gaishe ta sai ta amsa tana kallon bango. Shekara hamsin a Makka ba su cire mata wannan kunya ba, ta mutanen ƙauyensu ce, da ita ta hau jirgi.

Washegari na dawo daga sayar da ƙosai, da shi nake ɗan rufa mana asiri wurin alhazan da ke wucewa Harami da safe, sai na ji murya a ɗakin Inna. Ta jawo kujera gaban taga. Idonta ya yi yana, ko da gilashi ba ta ganin komai a kwalbar, don haka ta zaunar da yarinya tana mata bayani.

"Takwara, suna motsi?"

"Suna yi, Sitti."

"Masu ƙwan fa?"

"Akwai, kasir, da yawa."

"To madalla."

Daga ranar kwalba ta koma hannun Inna. Ita da ke cewa famfo yana hana ta barci, yanzu in ya yi shiru na daƙiƙa ɗaya sai ta ƙwala min kira. Ba ta taɓa tambayata ko an ji labarinsa ba, ko sau ɗaya. Sai dai, "Ya kwarkwatar nan yau?" Ita kuma yarinya ta ƙulla abin a ranta ta faɗa a fili: muddin suna da rai Baba zai dawo ya same su. Na buɗe baki zan ce mata ba haka abin yake ba, sai Inna ta riga ni. Ta ce, "Ai amana ce. Mai amana yana dawowa ya karɓi abinsa." Ni ma, in gaya muku gaskiya, na fara leƙa kwalbar kafin in fita, in na ga suna tsalle sai in ji sanyi a raina. Wasu da aka kai tarhil ana sakinsu in an dace da mai tsaya musu, mun sha ji. Me zai hana namu?

Matsalar ruwa ce. Abin da ya rage a tsohuwar jarka muka yi ta lallaɓawa, yarinya tana canzawa kamar yadda ta ga ubanta yana yi, har jarka ta ƙafe. Teku kuwa ga shi nan, tafiyar da ba ta kai tsakanin azahar da la'asar ba a mota, amma tsakaninmu da shi akwai shingen da ya cinye mana mutum. Wa zai je? Ni in tafi a kama ni, in bar tsohuwa da yarinya?

Akwai wani direban tasi ɗan unguwar Rusaifa da yake sayen ƙosai a wurina, jikan Hausawa ne, yana da takardarsa ta ɗan ƙasa, Hausarsa guntu-guntu. Na roƙe shi in ya kai fasinja Jidda ya ɗebo min ruwan teku jarka ɗaya. Ya dube ni ya ce, "Ya khala, moyar bahar? Magani za ki yi?" Na ce e, magani ne, kai dai kawo. Ya ce bukra, wato gobe, in sha Allah. Wannan bukra tasa ta ci min rai. Lokacin cunkoson umara ne, ba ya samun sukuni. Yau ya manta jarka, gobe fasinja yana sauri, jibi bai bi ta bakin ruwa ba. Ba mugu ba ne, bai dai san abin da ke rataye a jarkar ba, ni kuma na ji nauyin in ce masa ƙwari nake jinya.

Ruwan kwalbar ya fara duhu, ciyawar ta yi baƙi a baki-baki. Yarinya ta ce sun rage tsalle, da yawa sun koma ƙasa sun kwanta. Na ce mu gwada gishiri mana, ko kaɗan ne. Ta daka min tsawa kamar ita ta haife ni, "La! Baba ya ce mamnu!" Inna tana ji. Ta daina cin abincin kirki. Ta tambaye ni direban nan ɗan gidan waye, da za a je a gaya wa uwarsa. Na ce Inna ki ƙara haƙuri, ya ce gobe. Ta ce, "Mara lafiya ba ya jiran gobe."

Da safe na fita da ƙosaina, yarinya ta tafi makarantar allo ta unguwa. Da na dawo da hantsi na tarar da takalman Inna a bakin ƙofa duk ƙura, abayarta a rataye tana jiƙe da gumi. Matar nan ta fi shekara ba ta sauka daga benen nan ba sai an riƙe ta, gwiwoyinta sun kumbura kamar ƙullin fura. Na shiga da gudu. Tana zaune a kujerarta tana haki, fuskarta kuwa fes, har da murmushi, abin da na manta rabon da in gani. Kwalbar tana taga, ruwanta garau kamar hawaye. A gefe ga 'yar jarka fara.

Ta ce, "Na hutar da ke da direbanki. Na canza musu."

Na ce, "Da me, Inna?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta. "Da me kuwa? Zamzam. Da kaina na je na ɗebo, ban aiki kowa ba. Na tace da ƙyallen kamar yadda wancan yake yi, ko ɗaya bai zube ba. Na tsiyaye ruɓaɓɓen duka."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Maganar da ta taso min, da na fito da ita, da har yau ina neman gafara. Na ce a raina tsohuwar nan kin kashe mu. Amma me zan ce mata? An ce kada a zuba ruwan famfo, ba ta zuba ruwan famfo ba. A wurin Inna Zamzam ba ya cikin lissafin ruwa. Da shi ta yi wa yarinya wankan farko, da shi take shafa min goshi in zazzaɓi ya kama ni, shi ta ɗiga wa mijinta a baki ranar da zai cika. Duk abin da take so, in ya kwanta, abin da take ba shi ke nan, don ba ta da abin da ya fi shi. Ta yi tafiyar nan a ƙafa cikin turmutsitsin alhazai, ta hau bene uku da jarka.

Na ɗauki gilashin na duba. Babu mai tsalle. Duk sun sauka ƙasa sun yi fari, kamar an barbaɗa gari, kumfar famfo tana ɗaga su tana ajiyewa.

"Suna motsi?" in ji Inna.

Kafin in san abin da zan ce sai ga yarinya ta shigo. Ta karɓi gilashin, ta daɗe tana dubawa. Ta tsoma yatsa ta lasa. Ba ta yi ihu ba, da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta juyo ta ce da Hausarta mai karyewa, "Sitti, babu gishiri. Su ba sa shan namu. Sun mutu kulluhum." Sai ta ajiye gilashin ta shige bayan ƙofa ta zauna, ta haɗa kai da gwiwa.

Murmushin Inna bai tafi nan take ba, a hankali ya riƙa zamewa. Ta ce, "Zamzam ne fa." Ta sake cewa, a hankali, "Zamzam ne." Na durƙusa na ce Inna, albarkarsa tana nan, su ne Allah ya halitta a ruwan gishiri, kowa da abin da aka yi shi da shi. Ta kai hannu ta lalubo wayar famfon ta zare da kanta. Ɗakin ya yi tsit.

Bayan la'asar, a ranar nan dai, direba ya yi min waya wai in sauko, ga amanata ya kawo, yana ta dariya yana cewa har wandonsa ya jiƙe. Na sauka na karɓa na yi godiya. Laifin me zan ɗora masa? Na hau da ita ina kuka a matakala, na share fuska kafin in shiga. Inna ta ji ƙarar jarka ta ce in miƙo mata. Ta buɗe, ta zuba kaɗan a tafin hannu ta kai baki. Ta yamutsa fuska. Ta ce, "Ashe haka yake da ɗaci. A cikin wannan yake wuni?" Na ce a ciki, Inna. Ta rufe jarkar ta tura ƙarƙashin gadonta.

Bayan 'yan kwanaki Malam ya samu aron waya ya kira. Muryarsa ta dushe. Ya ce an gama komai, an sa sunansa a jirgin Kano, kuma an ɗauki hoton yatsunsa, ba maganar dawowa. Ya ce in riƙe yarinya, in riƙe Inna, in ya samu wurin zama za mu yi shawara. Mu duka mun san Inna ba za ta bar Makka ba, a nan mijinta yake kwance, a nan take jiran nata. Sai ya yi ƙoƙarin wasa, ya ce, "Ya 'yan ruwana?"

Na dubi yarinya, ta kau da kai. Ina shirin cewa lafiya lau suke, sai na ga hannun Inna a miƙe. Ban taɓa ganin ta karɓi wayarsa ba, in ya kira daga teku sai dai ta ce a ce tana amsawa. Na sa mata a kunne, na buɗe sautin don ba ta ji sosai.

Ta ce, "Ni ce. Na kashe maka su. Zamzam na zuba musu."

Ana jin hayaniyar mutane a bayansa. Can ya ce, "Inna, wa ya ɗebo miki?"

"Ni."

"Da ƙafa kika je Harami?"

"Da ƙafa."

"Da wannan gwiwar, Inna?"

Na ji ƙaton mutum, mai jan koma a teku, ya fashe da kuka kamar yaro. Yana cewa Inna ki yafe min, Inna ki yafe min. Wani ya yi magana da Larabci a kusa da shi, mai waya yana son abinsa. Layin ya yanke.

Ta daɗe riƙe da wayar a kunne. Na zare ta a hankali daga hannunta. Yarinya ta taso daga inda take ta zo ta kwanta a cinyarta, karo na farko tun ranar kwalba, Inna ta ɗora mata hannu a ka. Ba su sake ganin juna ba, ita da ɗanta. Ta rasu shekarar da ta biyo baya, a waya na gaya masa.

Amma a ranar, da ta samu bakin magana, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ambaci kwalba ba. Ta juyo da idanunta masu yana wajen da take jin numfashina ta ce, "Ke, garinmu fa babu teku. Wancan ba abin da ya iya sai ruwa. Me zai je ya ci?"